Daga Burtali Zuwa Lungu: Yadda Hanya da Fili Suka Ƙare Mana a Sabo

A shekarar 1916, lokacin da hukumar gargajiya ta Ibadan da Turawan mulki suka yanka wa Hausawa wannan unguwa, Sabo bayan gari ce. Yaran yanzu in ka faɗa musu haka dariya suke yi, don sun buɗe ido sun ga gadar sama a Mokola, ga Micra ga acaɓa, ga Dugbe nan kusa. Amma haka abin yake. Garin Badun na asali yana can wajen Oja'ba da Mapo da Beere, kuma kafin wannan shekara kakanninmu a cikin gidajen Yarbawa suke zaune, kowa da wanda ya sauke shi. Da ƙorafi ya yi yawa, ana cewa ɓarayi na fakewa cikin baƙi, sai aka ce duk Bahaushe ya tattara ya koma wuri guda a ƙarƙashin sarkinsa. Aka nuna musu daji. Nufawa da mutanen Ilori kuma suka zauna a Mokola, maƙwabtanmu.

Abin da ya kawo su shi ne goro da shanu, kuma duka biyun hanya suke bukata. Jirgin ƙasa daga Ikko ya iso Ibadan a 1901, bayan shekara goma dogo ya kai Kano. Goro ya hau jirgi ya yi arewa. Shanu kuwa, ko bayan zuwan jirgi, da yawansu da ƙafa suke saukowa: a ƙetare Kwara a Jebba, a biyo ta Ilori da Ogbomoso da Oyo, a shigo gari ta arewa. Inda ake sauke su shi ne zango, wanda bakin Bayarabe ya mayar Sango. Duk wanda ya hau mota yau kwandasta na kiran Sango, Sango, to Hausa ake yi masa bai sani ba.

Mutanen nan sun baro garuruwan da suka san ƙa'idar hanya. A gida, tun kafin a zo maganar injiniya, gari yana da burtali, wato hanyar dabbobi mai shingen aguwa a gefe da gefe don kada saniya ta shiga gonar mutum, kada kuma manomi ya ci hanyar saniya. Akwai hurumi a bakin gari wanda ba a nomawa ba a ginawa. Akwai dandali a ƙofar fada, ga filin Idi, ga maƙabarta. In wani ya matso da darninsa taku ɗaya cikin burtali, dagaci ya san abin yi, in ta ƙi a je gaban alƙali. Tsarin yana tafiya ne saboda akwai mai tsawatarwa, kuma ƙasar a hannunsa take.

A nan Kurmi sun zo da sanin, ƙasar ce ba tasu ba. An ba su wuri an shata iyaka. Sarkin Hausawa na iya raba fuloti a cikin iyakar, amma ba shi da ikon cewa wancan dajin na gaba hurumin Sabo ne, kowa ya kauce. Wannan shi ne tushen duk abin da ya biyo baya.

Duk da haka shekaru da dama ba a ji ƙunci ba, domin unguwar na kewaye da sarari. Sai dai sararin nan ba don mu aka bar shi ba. A zamanin Lugga, dokar garuruwa ta 1917 ta zo da ra'ayin cewa a bar tazarar yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata, wai don sauro da cuta. Irin wannan fili da aka hana gini a cikinsa shi Turawa suka riƙa mayarwa wurin wasanninsu a garuruwa da yawa. A gefenmu ga kulob ɗinsu wanda aka kafa tun 1902, ga filin golf ta wajen Onireke, ga kuma filin sukuwa na Adamasingba a bakin ƙofarmu. Tsofaffinmu da suka yi ƙuruciya kafin 'yancin kai da bayansa sun sha iskar filin sukuwar nan, sun yi ƙwallo a gefensa, sun ratsa shi zuwa kasuwa. Aro ne dai, amma aron da ya daɗe har mutum ya ɗauka gado ne.

A cikin unguwa kuwa labarin daban ne. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna cikinmu a 1962 zuwa 1963 ya ƙirga mutanen Sabo ya samu sun haura dubu huɗu, ya fitar da littafinsa a 1969. Abin da ya lura da shi, wanda mu ba ma bukatar Bature ya gaya mana, shi ne a Sabo ɗaki jari ne. Maigida yana da daraja ne gwargwadon yawan baƙin da zai iya saukewa: fatake masu shanu, masu sayen goro, da yaransu. Baƙo ya sauka gidanka, cinikinsa ta hannunka zai bi, la'ada taka ce. To mutumin da ɗaki ɗaya zai ƙara masa baƙo, yaya za ka ce masa ya bar fili don iska ta wuce? Aka fara da tsakar gida, aka cike. Aka dawo ƙofar gida inda ake shimfiɗa tabarma da yamma, aka yi shago. Daga nan sai lungu.

Lungu ba a cinye shi rana ɗaya. Wannan ya fito da dakali, na gabansa ya ga ba a ce komai ba ya fito da rumfa. Rumfa ta shekara biyu ta zama bulo. Bayan an shiga zamanin janareto kowa ya gina masa keji a waje, mai kwantena ya ajiye a kan kwata. Babu wanda ya ci fiye da taku biyu, kuma kowannensu in ka tambaye shi zai rantse maka hanya na nan. Hanya na nan, amma a wasu lungunanmu yau mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkace, kuma duk wanda ya taɓa ɗaukar makara a cikinsu ya san yadda ake juya ta kamar ana fitar da katifa. Batun motar kashe gobara ma kada a tayar.

A farkon shekarun 1950, bayan Tijjaniyya ta kafu sosai a unguwa, Sabo ta tsai da Juma'arta, aka daina tafiya babban masallacin gari. Wannan ya ƙara haɗa kanmu, ba shakka. Amma masallacin Juma'a na son haraba, mu kuwa a lokacin har mun fara cinye sararin da za a yi ta. Shi ya sa sahu ke malalowa titi, masu mota na jira, wasunsu na guna-guni da yarensu. Mun saba har mun daina ganin abin a matsayin rashi.

Abin takaicin shi ne addininmu bai bar wannan babi a buɗe ba. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hukunci idan aka yi saɓani kan faɗin hanya a sanya ta zira'i bakwai. Wannan ya kai ƙafa goma da ɗoriya, wato raƙumi da kayansa ya wuce ba tare da ya goge bango ba. Kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, har an lissafa shi cikin rassan imani. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin ɗan sararin da ke jikin bangon gida: maigida yana da damar ya zauna a wurin, ya ɗaure dabbarsa, ya ɗan kasa kaya, matuƙar bai ƙuntata wa mai wucewa ba, amma ba shi da damar ya gine shi ya shigar cikin gidansa. Akwai ma wani magini a Tunis, Ibnur Rami, wanda tun ƙarni na 14 ya rubuta littafi sukutum kan hukuncin gini da bango da magudanar ruwa da hanya. Haka kuma Annabi ya keɓe makiyayar Naƙi'u don dawakan musulmi, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Ashe hurumi ba al'adar Hausa ce kawai ba. Muna karanta Risala da Iziyya a zaure, ga kejin janareto a kan hanya a ƙofar zauren. Mu masu ja wa mutane salla ma da wuya ka ji ɗayanmu ya ɗauki huɗuba guda a kan kwata.

To a bar cikin unguwa, a duba abin da gwamnati ta yi da nata filayen, don a nan ne darasin ya fi fitowa.

A 1967 aka buɗe lambun Agodi a gindin dutsen Mokola, eka 150, da itatuwa da tafki da gidan namun daji. Daga Sabo tafiyar ƙafa ce. Wanda ya yi yarinta a shekarun 1970 zai tuna yawon salla a can. Lambun na jingine da gandun dajin da aka bari a saman kogin Ogunpa, kuma dajin nan aiki yake yi: shi ke riƙe ruwan da ke gangarowa daga duwatsu kafin ya afka cikin gari. Ogunpa ta sha yin ambaliya, ta yi a 1960, ta yi a 1963, ta yi a 1978. Amma ta ranar 31 ga Agusta 1980 ita ce wadda Yarbawa ke kira Omiyale har gobe. Ruwa ya ci mutane da gidaje da kasuwanni, har Shugaba Shehu Shagari ya zo jaje. Ya shafe lambun Agodi, dabbobin suka tafi da ruwa. Dalilan da masana suka lissafa ba baƙi ba ne a wurinmu: gini a bakin kogi, shara a cikin magudana, sare itatuwan kan tudu. Wato abin da muke yi wa lungu shi gari ya yi wa kogi, kowa taku biyu.

Bayan ambaliyar, lambun ya yi shekara talatin da wani abu a yashe. Ciyawa ta rufe shi, mutanen kirki suka daina shiga. Ba wai an rasa ma'aikatar da sunansa ke cikin fayil ɗinta ba. An rasa wanda za a kama ne in ya lalace.

A tsakanin nan wasu abubuwa suka faru da suka canza fuskar yankinmu. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa duk filin birni a hannun gwamna, ya riƙe amana a madadin jama'a. A takarda magana ce mai kyau. A aikace ma'anarta ita ce duk filin da ba gini a kansa yana jiran ranar da wani zai kai wa gwamna shawara a kansa. Filin sukuwa na Adamasingba aka gina masa filin wasa na Lekan Salami, aka buɗe a 1988, aka kewaye da shaguna. Ba mu ce an yi ɓarna ba, gari na bukatar filin ƙwallo, kuma gyaran da aka yi masa aka sake buɗewa a 2021 ya yi kyau. Amma filin da kake ratsawa ba tambaya ya zama wuri mai ƙofa da maigadi. Tsohon filin jirgin sama na Bodija, bayan an koma Alakia, aka yi wurin wasan yara na Trans a wani ɓangarensa a 1989. Yaranmu sun hau lilo a can. Injinan suka tsufa ba gyara, wurin ya mutu a tsaye, daga baya aka yanka shi filayen gidaje. Dajin Agala da ke kewaye da hasumiyar Bower, wadda aka gina a 1936, shi kuma talauci ne ya ci shi: lokacin wahalar kananzir a shekarun 1990 mutane suka shiga da gatari, cikin ɗan lokaci dutsen ya zama tsirara.

Sai ruwa ya dawo. Daren 26 ga Agusta 2011 aka yi ruwan da ya kashe mutum sama da ɗari, ya karya gadoji, ya taɓa madatsar Eleyele. Bayan wannan ne aka shiga shirin magance ambaliya da Bankin Duniya, na dala miliyan 200, kuma a cikinsa ne aka zauna aka zana wa Ibadan cikakkiyar taswirar tsarin gari, abin da birni mai wannan girma ya daɗe ba shi da shi. Gwamnatin Ajimobi kuma ta gyara lambun Agodi aka sake buɗe shi a 2014. Ya yi kyau ƙwarai, sai dai da kuɗin shiga. Magidanci mai 'ya'ya bakwai sai ya yi lissafi kafin ya ce a shirya. Mu 'yan kasuwa mun san dalili: wurin da ba ya kawo ko sisi ba mai share shi. Amma a sani cewa lambun da ake zuwa sau biyu a shekara da kayan salla bai maye gurbin filin da yaro zai fita ya yi gudu bayan La'asar ba. Na biyun nan shi muka rasa, shi ya sa ƙwallo ta koma kan kwalta.

A ƙarshen 2023 aka wayi gari ana sare itatuwa a dajin da ke bayan lambun, za a yi rukunin gidaje. Masu kare muhalli suka fito suka yi zanga-zanga, suna tuna wa mutane 1980. Gwamnati ta ce lambun kansa ba a taɓa shi ba, dajin ne, kuma ya zama maɓoyar miyagu. Kowa da hujjarsa. Abin da muka lura da shi dai, kuma ba mu ji daɗinsa ba, shi ne a Sabo maganar ba ta wuce teburin mai shayi ba, alhali dajin nan ya fi kusa da mu a kan yawancin masu ɗaga kwalaye.

In ka jera waɗanda suka tsira za ka ga kamanninsu ɗaya. Lambun itatuwa na Jami'ar Ibadan yana nan. Dajin da ke cikin cibiyar binciken noma ta IITA a hanyar Oyo yana nan, har tsuntsayen da suka ɓace a sauran gari suna can. Filin Idi na Agodi yana nan a tsakiyar hada-hada, inda ƙafa ɗaya ta ƙasa kuɗi ce. Kowannensu yana da mai shi da za a kira da suna, yana da iyaka da aka sani, kuma akwai mutanen da za su tashi tsaye ranar da aka ga bulo a gefensa. Waɗanda suka tafi kuwa na kowa ne, kuma an daɗe da daina shigarsu kafin a zo a yanka.

Me ya sa muke tono wannan yanzu, tunda Sabo ta riga ta cika? Saboda 1916 ta sake zagayowa, a wani wurin. Kara ta bar Sango ta je Bodija, ta bar Bodija ta koma Akinyele. Jama'armu sun bazu Ojoo da Shasha, kuma bayan rikicin Shasha na Fabrairun 2021 da yawa sun ƙara matsawa gaba. A wannan shekarar aka buɗe sabon jirgin ƙasa na Legas zuwa Ibadan, tasharsa a Moniya. Ga titin zobe mai kilomita 110 da ake yi ya kewaye gari. Duk wanda ya san yadda Sabo ta tashi daga daji ta zama tsakiyar birni ya san abin da zai faru da waɗancan wurare, kuma ba za a ɗauki shekara ɗari ba wannan karon. 'Ya'yanmu da ƙannenmu suna can suna sayen fuloti, wani rabi wani ɗaya, daga hannun iyalan masu ƙasa. Mai sayarwa so yake ya fitar da fuloti mafi yawa daga gonarsa, don haka hanyar da zai bari a zane siririya ce, wani lokacin ma a baki kawai take. Mai saye kuma murna yake ya samu inda zai kafa tubali.

Bambancinmu da kakanninmu shi ne su an shata musu iyaka ba su da ta cewa, mu kuwa da kuɗinmu muke saye, kuma doka ta ba mu hanyar riƙewa. In mutum ashirin za su sayi fili a jere, su haɗu tun kafin a biya su ce wa mai safiyo ya fitar da hanya a cikin taswira, da faɗinta a rubuce da lamba, da inda kwata za ta bi har ta fita. Su haɗa kuɗin fuloti biyu ko uku a bar su: harabar masallaci da za ta ɗauki sahun Juma'a nan da shekara talatin, da filin yara. Kada a bar shi da sunan Alhaji wane don ana ganin mutumin kirki ne. Alhaji zai rasu, magada kuma ba su halarci zaman ba. A yi masa takardar waƙafi da shaidu, a yi wa ƙungiyar unguwa rajista da amintattu, takardar filin ta fito da sunan ƙungiyar, a kai kwafi sakatariyar ƙaramar hukuma. A kafa turaku na siminti a kusurwa huɗu, a dasa darbejiya ko mangwaro a jere tun yau, domin itace ya fi turke wuyar tsigewa da dare. Sannan a ba mutum ɗaya aikin kula da shi, da ɗan abin da za a riƙa ba shi duk wata daga kuɗin tsaro da ake karɓa. Filin da aka share aka kafa ragar ƙwallo ba ya jan idon mai neman wurin ajiye kwantena kamar wanda ciyawa ta rufe.

Mu na cikin tsohuwar Sabo kuwa ba a ce a rushe wa kowa ɗaki ba, wannan fitina ce da ba mai iya kashe ta. Amma abin da ya saura ana iya tsai da shi. Masu unguwa da limamai da matasa su ɗauki tef su bi lungu-lungu, a auna faɗin kowanne kamar yadda yake a yau, a rubuta a littafi da sa hannun masu gidajen gefe biyu, a ajiye kwafi a fadar Sarki. Daga ranar duk wanda zai fito da dakali ko keji ya san akwai lamba a rubuce. Aikin bai fi na Lahadi huɗu ko biyar ba, kuma gara a yi shi da rani, lokacin da kwata ta bushe ana ganin bakinta na asali.